Kujerar Babana da Mesar Kawu Clarrie

Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, matarka Beryl ta kira ni ta ce ka cika. Clarrie Wockner, badukun da ya rage mana a Pittsworth, ka tafi hannunka na ƙanshin man gashin tumaki kamar kullum. Na yi kuka sosai. Amma tun da na zauna rubuta wannan, dariya ke ta ƙwace mini, kuma na san ba za ka ga laifina ba.

Ba jininmu ɗaya ba, amma tun ina yarinya Kawu nake ce maka, don kai da babana Herb ba a ganin ɗaya ban da ɗaya. Da ya rasu, ya bar mini tsohuwar motarsa ta 1929 a rumfar da muke aske tumaki. Fatar kujerar ta bushe ta tsattsage kamar faso, amma ga lotsawar da zamansa ya bari a gefen direba tana nan. Yayana Lyle ya ce a ɗaye ta a sa roba kowa ya huta. Da ka ji, sai da ka cire hula ka buga ta a cinya. Ka ce fatar nan ba ta mutu ba, yunwa take ji.

Haka ka shiga zuwa duk Asabar da gwangwanin mai, kana shafawa kaɗan-kaɗan da tafin hannu, wai ɗumin hannu ne ke shigar da shi. Ka kuma kafa doka: babu mai zama a kanta sai ka ce ta ƙoshi, in ba haka ba ta kece. Ni da ba ni da burin da ya wuce in zauna inda baba ya zauna, sai na koma leƙe ta taga. Duk sanda na tambaya, amsarka ɗaya ce: “Ke dai akwai gaggawa, 'yar Herb. Haka ubanki yake, kullum cikin ƙona harshe da shayi.”

Sai ga shekarar ɓeraye. Duk wanda ya noma dawa a yankin nan bai manta ta ba: ka ɗaga buhu, ka ga ƙasa tana motsi. Ɓera kuwa ba abin da yake so irin fatar da ta sha mai, da gashin dokin da aka cusa a cikinta. Motocin 'yan ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci da dama aka wayi gari kujerunsu sun zama sheƙa. Hankalina ya tashi, na sayo guba. Ka karɓe ta daga hannuna, ka ce ɓeran da ya ci guba cikin kujera yake shigewa ya mutu, warin kuma ya zauna daram. Ka zagaye motar da langa-langa mai santsi, ka toshe bakin salansa da soson ƙarfe, sannan ka koma a-kori-kurarka ka dawo da buhu yana motsi.

Mesa ce! Irin mai zane-zanen nan marar dafi, daga rufin rumfarka ka kamo ta. Ka sake ta a kan azara kana yabonta kamar sabon ɗan aiki, wai ba ta shan giya, ba ta zuwa hutu. Abin da muka manta shi ne gaya wa Lyle. Ya shigo ɗaukar almakashi, ta sauko da kai tana dubansa, ya fita a guje ya bar mana takalmi ƙafa ɗaya. Ka yi dariya har sai da ka zauna a kan taya. Annoba ta zo ta wuce, haƙori bai taɓa kujerar ba.

Duk da haka ba ka ce ta ƙoshi ba. Ciwo ya kwantar da kai, ni kuma kunya ta hana ni tayar da zancen kujera a gaban marar lafiya. Da labarin rasuwarka ya zo, cikin baƙin cikina har da wannan: wa zai ba ni izini yanzu?

Bayan an rufe ka, ana shan shayi a zauren coci, Beryl ta ja ni gefe. Ta ce ka bar mini saƙo, ka kuma hana ta faɗa sai bayan ranka, don kunyata kake ji. Saƙon shi ne: “Ki ce wa 'yar Herb fatar ta ƙoshi tun bara. Ni ne ba na so in daina zuwa.”

Ban tsaya ƙarasa shayin ba. Da baƙaƙen kayana na tuƙa har gida, na tsallake langa-langar, na buɗe ƙofar motar na zauna. Kujerar ta karɓe ni da taushi, ko ƙara ba ta yi ba. Na kama sitiyari ina kuka ina dariya, mesa na kallona daga sama. Da ka faɗa mini, Kawu, ai da na ci gaba da dafa maka shayi duk Asabar, ko babu kujera.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Beryl, da 'yarku Glenys, da jikoki, da 'yan ƙungiya baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Kai kuma Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya sa ka huta, ya yi maka irin haƙurin da ka yi da busasshiyar fata. Amin.