Yadda Maikano Ya Daina Ɗaukar Buhu

In kana bi ta Kwanar Dangora, wataƙila ka taɓa ganin Maikano, mutumin Badafi, wani dogo mai kaurin wuya. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana lodi a wani kamfanin casar shinkafa da ke bakin titi. A ɗora masa buhu a ka, ya taka katako, ya sauke cikin tirela, ya dawo. Abokan aikinsa kan tsokane shi wai ko aljanna aka kai shi, sai ya tambayi ina sito yake.

To, kullum da safe yakan biya ta wurin Shitu mai kemis ya karɓi haɗin ciwon jiki, ƙwayoyi huɗu a ƙulle cikin takarda, ya kora da koko. Haka yawancin 'yan lodi suke yi. Bai taɓa tambayar sunan ko ɗaya ba. Mutum ne da ko sigari bai taɓa kai wa bakinsa ba, kuma da wuya ka rasa shi a sahun gaba.

Da direban kamfanin ya yi gyangyaɗi ya rushe katanga, sai masu kamfani suka ɗauko ma'aikatan lafiya daga Kano, aka ce kowa ya kawo fitsari a gwada. Samari suna ta dariya. Shi Maikano abin da ya dame shi kawai, ya riƙo 'yar robar fitsarin nan a gaban sa'annin 'ya'yansa.

Bayan azahar Mas'ud, shugaban 'yan lodi, ya ja shi gefe. Ya gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya sake tambayar gida, idonsa a ƙasa.

"Baba Maikano, wai an ga tramol a jikinka."

"Ni?"

"Kai fa, Baba."

An dakatar da shi mako uku. In aka sake gwadawa aka gani, shi ke nan, ya bar aiki. Bai yi musu ba. Ya naɗe takardar dakatarwar ya sa a aljihu, ya je ya tambayi Shitu. Shitu ya ce ai koriyar nan ce ta cikin haɗin, ya zaci ya sani.

Labari ya riga shi isa Badafi. A majalisa ana amsa gaisuwarsa a gajarce, shi kuwa yana kallon abin kamar a kan wani yake faruwa. Matarsa Dije ta ce da ma ta daɗe tana mamakin mutumin da ya haura arba'in bai taɓa cewa wash ba. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure.

A nan ya yi makonnin, bai ƙara shan haɗin ba. Hamma, gumi, ƙafafu suna zogi kamar ana tsinkar jijiyoyinsu. Da waɗannan suka lafa, sai bayansa ya fara magana, bayan da ya yi shekaru bai ji ɗuriyarsa ba. Sallah ma sai a zaune. Dije tana gasa masa da ruwan zafi, ba ya cewa sannu, ba ya cewa bari.

Ranar gwaji na biyu, ba a ga komai ba. Mas'ud ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce ya koma layi.

Buhun farko ya kai. Na biyu ma ya kai, da ƙyar. A na uku, yana tsakiyar katako, ƙugunsa ya riƙe. Ya tsaya cak, mutane a bayansa da kaya a ka suna cewa Baba a matsa mana. Sai ya saki buhun ya zame ƙasa, ya sauko, ya zauna a gindin taya.

Zailani, abokin lodinsa tun farkon zuwansa, ya tsuguna kusa da shi ya buɗe tafin hannu a ɓoye, ga koriyar ƙwayar nan a ciki.

"Guda ɗaya ce. Ba za su sake gwaji ba sai baɗi."

Maikano ya daɗe yana kallon ta. Bai ji yana so ba, bai ji yana ƙi ba. Can ya girgiza kai.

Sati bai zagayo ba aka cire sunansa daga 'yan lodi. Mas'ud ya roƙa masa wuri wajen masu ɗinke bakin buhu, aikin da sai an yi casa da yawa ake kiransu. Yanzu can za ka same shi a kan benci, da basilla da zare. In an kira shi ya zo. In ba a kira ba, yana zaure.