Tulun da Inna Ta Gane a Kaduna

Shekarun baya can, zamanin da nake ƙaramin akawu a kamfanin gurzar auduga a Funtua, na tara gashi kamar kwando, wandona mai faɗin ƙafa yana share titi, na taɓa kai mahaifiyata kallon zane-zane a Kaduna. Ba ita ta roƙa ba. Asibitin ido na kai ta, don yanar ido ta fara rufe mata gani, aka duba aka ce mu dawo bayan damina a yi aiki. Muka fito da sauran rana, sai iyayi ya motsa mini.

A lokacin wani abokina yana baje kolin aikinsa a wani babban ɗakin nuni a garin. Tare muka taso a wajen Kafur, shi ya wuce Zariya karatun zane, ni na tsaya ina auna auduga. Na ce, "Inna, mu biya ki ga abin da yaron nan ya zama." Ta ce, "Ni da ko fuskarka da ƙyar nake gani?" Amma ta bi ni.

Ɗaki ne dogo, fari fat, ga sanyin na'ura, mutane suna magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki. Na zaunar da ita a benci kusa da ƙofa, na je na tsaya gaban wani zane, hannu a haɓa, ina gyaɗa kai irin na masana. Har yau ban sani ba ko saniya ce aka zana ko hadari.

Da na waiwaya, bencin ba kowa.

Matar da ba ta iya tsallake dokin ƙofa sai na riƙe hannunta, ita ce ta ratsa ɗakin nan tun daga farko har ƙarshe, ba ta yi karo da kowa ba. A can lungu abokina ya zuba yashi, ya jera tsofaffin tukwane da tuluna a kai, ya ba su wani sunan Turanci. Nan na same ta a durƙushe, ta dafa wani ƙaramin tulu da hannu biyu. Maigadi yana tsaye a kanta yana cewa, "Mama, ba a taɓawa fa." Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wa ya tashe shi?" in ji ta. "Wa ya ɗaga bakinsa sama?"

Abokina ya iso da fara'arsa, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce, "Inna, ai tsintarsu na yi a kufai, can wajen Gozaki. Wannan a kife na same shi a tsakiyar gona, ba mai shi."

Ta shafa wuyan tulun, ta tsayar da babban yatsanta a wani ɗan loɓa da ke gindin wuyan. Ta ce, "Da mai shi. Na yarinyar nan ne."

Na san wace ce yarinyar nan, ko da yake ba daga bakin Inna na sani ba, goggona ce ta taɓa tsegunta mini. Kafin a haife ni, iyayena a wajen Gozaki suke zaune. Suka haifi 'yar fari, ƙyanda ta ɗauke ta tana fara tafiya. Aka binne ta a bayan gida, Inna ta kife tulun da take ɗebo mata ruwa a kan kabarin. Daga baya suka tashi suka koma kusa da coci, gidan ya rushe ya zama gona. Duk wanda ya nomi wurin yana ganin tulu a kife ya san abin da ke ƙasa, sai ya kewaye. Tulun nan ne kaɗai alama. Ita kuwa Inna, saboda kunyar 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunanta ba, tana raye ko bayan ta rasu.

Maigadin ya matso ya rage murya. Ya ce, "Yallaɓai, dama ina so in yi magana. Tulun nan kullum na zo da safe sai in tarar yashin da ke ƙarƙashinsa a jiƙe. Sauran kuwa a bushe."

Na kai hannu. Sanyi ƙalau, da raɓa a jikinsa, kamar yanzu aka dawo da shi daga rijiya. Na leƙa ciki, ba komai sai saƙar gizo-gizo. Na buɗe baki zan ce aikin na'urar sanyi ne, sai Inna ta riga ni.

Inna ta ce, "An yi ruwa. An fara huɗa."

A nan muka gane abin da ke gabanmu. In shanun huɗa suka bi ta wurin ba tulu, shi ke nan, ba wanda zai ƙara sanin inda yayata take. Abokina, Allah ya saka masa, bai tsaya neman izinin kowa ba. Ya tuɓe rigarsa a gaban manyan baƙi, ya naɗe tulun, ya bar gurbinsa a cikin yashi.

Washegari muka hau mota zuwa Funtua, daga nan Malumfashi, sauran muka ƙarasa a ƙasa. A cikin mota na ce, "Inna, ta yaya kika gano shi a ɗakin nan?" Ta ce, "Kuka na ji."

Muka iso a makare. An riga an huɗe gonar, jar ƙasa layi-layi har iyakar gani. Abokina ya yi gabas, ya yi yamma, ya dawo yana zufa. Ya ce da rani ya zo, yanzu ko'ina ya zame masa ɗaya. Ban taɓa ganin namiji ya shiga irin wannan damuwa ba.

Mai gonar, wani dattijo, ya hango mu ya taho. Bana ya karɓi gonar, bai san tarihinta ba. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi salati. Ya ce, "Ku zo ku ga wani abu. Shanun nan nawa ba su taɓa yi mini gardama ba, amma akwai inda suka ƙi takawa. Na daka, na lallaba, suna zuwa sai su karkace. Na gaji na bar musu."

Ya kai mu. A tsakiyar huɗar ga wani ɗan fili da bai fi tabarmar yaro ba, garma ba ta taɓa shi ba. A tsakiyarsa ga shatin bakin tulu, zagaye, ko ciyawa ba ta fito a ciki ba.

Inna ta karɓi tulun, ta lalubi shatin, ta kife shi. Ya zauna daram. Ta daɗe a durƙushe, mu kuma muka ja baya. Can sai na ji ta kira wani suna a hankali, sau ɗaya, ta ce, "Ki yi haƙuri, an dawo miki da shi."

Kafin mu tafi na sake taɓa tulun. A bushe yake, da ɗumin rana.

Har gobe ina zuwa ɗakunan nunin nan in na shiga birni, kuma ina cewa a je, akwai abin kallo. Sai dai ban ƙara dafa haɓa ina gyaɗa kai ba. In na ga tsohon abu an ɗora shi a ƙarƙashin fitila, abin da nake fara tambaya shi ne a kan me aka same shi. Abokina ya zama babban mai zane, amma bai sake ɗaukar ko tsingaro daga kufai ba.

Inna ta rasu da daɗewa. Sunan nan da na ji a gona, ba ta sake faɗa ba, ni ma ban faɗa wa kowa inda na ji shi ba. Na dai sa wa 'yata ta fari sunan, tun Inna tana da rai. Ranar suna, da aka sanar, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Da aka miƙa mata jaririyar, ta rungume ta tsam, ta ce, "Yarinyar nan, sannu da zuwa."