Minti Uku na Huda

Asabar: Ƙonni zuwa Malbaza

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ana sallame salla, muka tashi daga ƙofar gidan Alhaji Ɗan Tani a Birnin Ƙonni. Mu huɗu ne. Alhaji shi ne shugaban ƙungiyarmu ta goyon bayan Falasɗinawa, motar ma tasa ce, don haka ba a taɓa wahalar yin zaɓe ba. Mamman Ɗan Bazaga ke tuƙi. Ni, Mushe Sama'ila (haka ake kiran malaman boko a nan), malamin Larabci a lakwal, wato makarantar boko, ni ne sakatare kuma tafinta. Na huɗu shi ne baƙonmu, Injiniya Halil, wanda gari ke kira Malam Halilu mai famfo.

Bari in fara da abin kunya. Shekara biyu Halilu yana Ƙonni yana gyara wa masu albasa injin ban ruwa. A cikinsu mun yi taro uku kan Falasɗinu, da tutoci da lasifika, amma ba wanda ya san mutumin Gaza ne. Mu dai Balarabe muka sani. Sai ranar da injin lambun Alhaji ya ƙi tashi, hira ta kawo hira, Alhaji ya zo gidana ba ko hula yana cewa, "Mushe, muna da namu Bahwalasɗine cikin gari, muna ta nuna hoton na waya!" Nan take aka shirya kai shi Malbaza da Illela a gan shi.

Halilu bai nemi yin jawabi ba. Abu ɗaya ya roƙa. Ƙanwarsa Huda, malamar firamare da ke zaune cikin tanti a Gaza da 'ya'ya huɗu, ta ji ana taro saboda su a wata ƙasa mai suna Nijar, ta aiko saƙon murya na minti uku a kunna wa mutanen. Ran Lahadi da la'asar kaɗai take takawa zuwa wani tudu inda ake samun reso, wato layin waya, kuma ya yi mata alkawarin za ta tarar da amsa. Ya ce mini da Larabci, "Ustaz, mako a can ba kamar mako a nan ba ne."

Da na fassara, Alhaji ya ce, "Minti ukku? Ko awa ukku taka so, mun ba ta."

Kilomita goma sha huɗu muka iso shingen jandarmomi na Tsarnawa. Jandarman ya karɓi takardun Halilu, ya duba, ya sake dubawa, sai ya ƙame ya sara masa. Daga nan ya jingina da tagar mota ya yi mana bayanin tarihin Ƙudus na minti ashirin, manyan motoci na ta oda a bayanmu. Halilu ya ɗaga waya zai ce wani abu, jandarman ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kak ka ce komi, ɗan'uwa, mun san duk abin da ka ranka." Ya ɗage mana sanda.

Malbaza

Ƙarfe bakwai da kwata muka sauka gidan wani ɗan kasuwa abokin Alhaji. Kunu da ƙosai, shayi, sannan aka kawo soyayyar hanta wai kafin abinci ya iso. An sa taro ƙarfe goma, aka fara sha ɗaya da rabi.

Kun san al'adarmu: babban baƙo shi ke magana a ƙarshe, don in ya yi magana ba mai ƙarawa. Wannan girmamawa ce ta cinye mu. Mutum goma sha ɗaya ne a gabansa. Kowa ya karɓi makirho sai ya gai da malamai, ya gai da 'yan kasuwa, ya gai da wanda ya ba da aron kujeru, sannan ya ce, "Ba ni tsawaitawa." Duk wanda ya faɗi haka, ku gyara zama. Wani tsohon mushe ya faro daga Annabi Ibrahim, minti arba'in bai iso zamanin Turkawa ba. Wani ya nuna Halilu da yatsa ya ce, "Ku dube shi! Ku dubi yunwa a jikinai!" Alhali bawan Allah ƙosai tara ya ci a gabana.

Na tara yana tsaka da kabbara aka kira azahar. Kafin a ce mene ne wannan, fili ya watse, mai lasifika ya naɗe wayoyinsa don yana da bikin suna a Dogarawa. Halilu ya dube ni. Na ce, "Gobe a Illela, in Allah ya so." Ya mayar da wayar aljihu. A gidan muka kwana, a tsakar gida kan tabarmi, don ɗakin baƙi ya fi tanda zafi.

Lahadi: Illela

Ƙarfe shida muka bar Malbaza, muka dawo mararrabar Tsarnawa muka kama hanyar Tawa. A Badagishiri Mamman ya sha mai na jaka goma, muka karya hagu. Tara da rabi muna Illela.

Mutanen Illela sun ji abin da Malbaza ta yi, sun rantse sai sun fi ta. Suka sa wa Halilu babbar riga mai aiki, suka yi masa rawani har sai da gilashinsa ya ɓace a ciki, suka ba shi rago. Na ja mai gabatarwa gefe na roƙe shi a fara da saƙon. Ya zaro ido: "Mushe, so kaka a ce mun wulaƙanta baƙo, mun sa shi gaba awa ɗan aike?"

Masu jawabi takwas ne, kuma sun yi sauri, na ba su wannan. Sha biyu da rabi saura mutum ɗaya kafin baƙo. To, a nan zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne: mutumin nan ni ne. Shafi bakwai na rubuta, sati biyu ina gyara, har da baitocin Larabci da na tabbata Illela ba ta taɓa jin irinsu ba. Na ce a raina shafi biyu kawai zan karanta. Aka yi tafi a shafi na biyu, shaiɗan ya juya mini na uku. Ina kan na shida man janareto ya ƙare, makirho ya mutu a hannuna, aka shigo da farantan shinkafa. Wa zai saurari waya alhali ga nama?

Muka sa ragon a but, can bayan mota, muka kama hanya. Kunya ta hana ni duban Halilu. Ni da na fi kowa jin harshensa, ni na cinye minti ukun ƙanwarsa.

Tajaye

Mamman ya ce mu yanke ta Tajaye, ya fi kusa. Hanyar jar ƙasa ce da rairayi, wajen kilomita ashirin da biyar. Uku saura kwata, dab da garin, mota ta ɗau zafi ta fara huci. Muka tsaya kusa da wata rijiya inda mata suke jan ruwa, Mamman ya tafi roƙon guga.

Wata tsohuwar Bafulatana mai tallan nono, da na ji ana kira Inna Hajjo, ta aje ƙwaryarta ta ƙare wa Halilu kallo. Ta ce, "Wanga baƙon naku mi as same shi? Kun yi mai ado awa ango, ga huska awa ta mai zaman makoki."

Alhaji ya gyara murya, ya ɗaga hannu: "Inna, wanga da kika gani, daga ƙasa mai tsarki..."

"Alhaji, shi ba ya da baki?"

Halilu ya warware rawanin, ya ce da 'yar Hausarsa, "Inna, ƙanwata. Magana. Ku ji?" Ta ce, "To kunna mana." Matan suka saki igiya suka matso.

Sai a lokacin na tuna ni kaina ban taɓa sauraren saƙon ba. Kwana biyu ina tafinta, ban tambaya ba. Muryar ta fito a hankali, ana jin tarin yaro a bayanta, ina fassarawa jimla-jimla. Ta faɗi sunanta da na 'ya'yanta. Ta ce ta gode da addu'a. Sannan ta ce, "Yayana ya ce ƙasarku akwai zafi, kuma matanku sun saba rayuwa ba lantarki ba gas. Ni ban saba ba. Da kwali da guntun katako nake girki cikin gwangwani, hayaƙi na sa ƙaramata tari. Ruwan da muke bin layi mu samu, kafin rana ta raba ya yi zafi, yara su kasa sha. Ku da kuka sani, ku koya mini."

Ashe tambaya ce. Kwana biyu muna yawo da tambaya a aljihu, kusan mutum ashirin suna ta ba da amsar abin da ba a tambaye su ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na kai hannu na sha ruwan gugan Mamman.

Inna Hajjo ta fizge wayar. "Ina ake dannawa? Hudatu, ɗiyata, ki jiƙa buhun algarara ki naɗe jarka, ki rataye ta inuwa inda iska ka bi." Wata ta ture ta: "Gwangwanin nan ki shahe shi da laka ciki da waje, ki bar ƙohwa guda ƙarama, ki juya ta wajen iska!" Wata ta ce kashin shanu busasshe ya fi kwali. Gardama ta kaure kan yawan lakar, har aka zauna ƙasa aka kwaɓa aka gina murhun, Halilu na ɗaukar hoto, babbar riga duk taɓo. Na fassara komai, ban ƙara baiti ko ɗaya ba.

Sai reso ya ce bai san zancen ba. Huɗu ta kusa. Alhaji, da yake ya fi mu tsawo, ya tattare riga ya hau kan motarsa, ya ɗaga waya sama yana juyawa, matan na ba shi umarni: "Gabas, Alhaji! A'a, kudu!" Minti goma shugabanmu yana tsaye a can bai ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba tun da na san shi. Saƙon ya fita, amma alama ɗaya ya nuna, wato bai isa hannunta ba.

Komawa gida

Muka fito kwalta biyar saura. Kowane kilomita Alhaji sai ya waiwayo: "Ta shiga?" Halilu ya girgiza kai. Can wajen Huda rana ta kusa faɗuwa, mai yiwuwa ta gaji ta sauka daga tudun. Mai yiwuwa kuma wani abu ne daban, wanda ba wanda ya yarda ya ambata.

Muna hango shingen Tsarnawa wayar ta yi ƙara. Mamman ya taka birki har rago ya yi kuka. Daƙiƙa goma sha biyar ne kacal. Dariya ta fara fitowa, ta mace, sai ta yara a bayanta. Huda ta ce a gaya wa mai maganar kashin shanu, shanun ma babu, amma laka akwai, buhu akwai, gobe za ta gwada. Ta ce, "Tsohuwar nan wace ce? Ta ce mini ɗiyata. Tun rasuwar mamanmu ba wanda ya kira ni haka."

Halilu ya rufe fuska da hannun babbar riga. Alhaji ya buɗe baki, ya rufe, ya ce, "Mamman, ja mu tahi."

Mun shiga Ƙonni ana kiran magariba, lafiya lau, mu huɗu da rago. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Mun gode wa Malbaza da Illela da suka ciyar da mu har muka kasa numfashi. Babbar godiya kuwa ta matan rijiyar Tajaye ce, waɗanda ba su da tuta ba su da makirho, suka tambayi baƙo abin da ke damunsa, suka kuma tsaya ya faɗa.