Hasken da Ya Zube a Gazara

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sule, ni kuwa har yau ban huce ba.

Ya shiga aikin waya ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, lokacin da tarho ke bin turaku daga Zariya. A wancan zamanin yakan kasa kunne ne ya gane inda murya ta raunana. Da furfurarsa aka kawo wayar da ake binnewa, mai zaren gilashi a ciki, wadda haske ke bi da saƙo. Ya zauna ya koya. Yakan tura haske ta baki ɗaya, a auna abin da ya fito ta ɗaya bakin. Abin da ya ragu, shi yake kira ladan hanya.

"Hauwa," yakan ce mini, "kowace hanya tana cin nata. In ta ci fiye da ƙima, to wani ya lanƙwasa zaren."

Haka aka yi a Gazara. Masu haƙa suka iske tsohon kabari a gefen gonar rake. Maimakon su nemi dattawan gari a sake hanya, sai suka karya kwana da wayar kamar gwiwar hannu, suka rufe. Yaya ya auna daga Maƙarfi, na'urarsa ta nuna wurin da haske ke zubewa, ya rubuta. Ya ƙi sa hannu a takardar kammala aiki. Ɗan kwangilar aikin ya ce masa a gaban mutane, "Baba, ba haske ne ya ragu ba, idonka ne." Aka sallame shi. Bai ƙara shekara biyu a duniya ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bara da saƙo ya dinga yankewa, aka zo aka tono daidai inda ya rubuta. Babu wanda ya tako gidanmu a Dandamisa ya ba matarsa haƙuri. Da yana raye ba zai yi gori ba. Na san shi, tambaya zai yi ko sun goge bakin zaren kafin su haɗa.

Abin da ya fi ci mini rai, yanzu 'yan acaɓa suna kiran wurin Kwanar Sule. Waɗanda ba su san shi ba sun ɗauka shi ya lanƙwasa.

Na auna yadda ya koya mini. Gaskiya ya tura, sunansa kaɗai ya fito ta ɗaya bakin, shi ma a lanƙwashe. Wannan ya wuce ladan hanya.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ni ma ban sa hannu ba.