Kashi na Ukku da Ban Karanta Ba

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ta fari tana wata tara, muna da 'yar ƙungiyar karatu a unguwarmu nan Agadas. Ƙungiya ma na ce don ta yi daɗin ji. Mu ukku ne kawai: ni, da maƙwabciyata mai koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko, wadda kowa ke ce wa Madam, da ƙawata mai saida lemun garin Timiya a ƙofar gidansu. Jiya wata a dandalin nan ta tambaye ni me ya sa in ana sharhin littafi ana zagin wata uwa ba na sa baki. To ga dalilin.

Madam ce mai littattafai. In ta samo sabo daga Damagaram sai ta raba shi gida ukku da reza, ta ɗinke kowane kashi da zare, don kada mu zauna jiran juna. Ita ke farawa, ƙawata ta bi, ni ce kullum a wutsiya. Aji ukku na tsaya a lakkwal. Da yatsa nake bin layi, shafin da suke gamawa kafin shayi ya tafasa ni sai in yini a kansa. Bayan la'asar muke haɗuwa a rumfar ƙawata, kowa ta faɗi ra'ayinta. Doka ɗaya ce: ba a faɗin ƙarshe ga wadda ba ta kai ba.

Mijina lokacin yana wurin haƙar zinariya can cikin hamada, inda ba reson waya sai an hau tudu. Ni da Inna, uwar mijina, muke gida. Kuma ni matsoraciya ce, ba zan ɓoye ba. Na taɓa kai yarinyar nan likita da gudu saboda shaƙuwa. Na sake kai ta saboda ƙurajen zafi. Majo, babban mai duba mu, sai da ya cire madubin idonsa ya yi dariya. Unguwa ta ɗauka, in na fito da goyo a ce, “Hajiyar likita, yau kuma atishawa ta yi?” Inna ba ta taɓa yi mini faɗa ba, ta dai ce, “Ɗiyata, bakwai na rena. In kowane motsi sai kin ruga, ke za ki riga ta kwanciya.” Ranar na yi wa kaina alkawari zan zama mai dakiya kamar sauran mata.

Sai ga zafi ya shigo, yarinya ta fara zawo. Inna ta duba bakinta ta ce haƙori ne, ta haɗa jiƙo. Na ce to. Kwana ɗaya, kwana biyu. Ina wanke tsummoki ina shanyawa, kafin in juya sun bushe, kafin in naɗe an ɓata wasu. Rana ta ukku ta rage kama nono. Na ɗauki karne, ɗan littafinta na likita, na sa a jaka, na fito da shi, na mayar, na sake fitowa da shi. Abin da nake ji a kunnena kawai shi ne Hajiyar likita.

Abin da ya ƙara gajiyar da ni, kashi na biyu na littafin da ke hannuna labarin wata mata ne a ƙauye, mijinta ya yi tafiya, ɗanta na zawo, tana ta jinkiri. Ina jijjiga tawa da ƙafa ina bin nata da yatsa. Inda rezar Madam ta yanke, matar ta goya yaron, ta tsaya bakin ƙofa, ba ta fita ba, ba ta koma ba. Shi ke nan takarda ta ƙare.

Wallahi ba don hira na je rumfa ranar ba. Na je ne in ji ko yaron ya rayu. Wai a haukata, in nata ya tashi tawa ma za ta tashi, sai in ƙara kwana ɗaya ba wanda ya yi mini dariya.

Na tarar sun riga sun fara. Ƙawata na ɓare lemu tana masifa, don ita ta fara kashi na ukku amma ba ta yi nisa ba.

“Ni matar nan, da ana shiga littafi da na shiga na mare ta. Yaro ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, kina tsaye kina kallon ƙofa? Ƙofar ce za ta ba shi magani?”

Madam ta ce, “Bon, marubucin ne ya ja abin don ya cika shafi. Ba uwar da za ta yi haka.”

Na gyara mayafina ya rufe goyon. Da safen nan na shafa kan ɗiyata na ji maɗigar ta yi rami.

Na ce, “Madam, don Allah, yaron ya rayu?”

“A'a fa. Doka doka ce. Ke ma da bakinki kika yarda.”

“Ɗaga mini kai kawai, ba sai kin yi magana ba.”

Ƙawata ta fashe da dariya. “Ji ta! Yaron takarda ma so take ta kai shi wurin majo.”

Na yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Na ce, “Wataƙila matar kunya take ji. Wataƙila an taɓa yi mata dariya ne.”

Ƙawata ta ce, “Kunya? Ranar da za a ɗauke shi a tabarma masu dariyar za su zo gaisuwa su ci dabino su tafi. Ita za a bari da kunyarta.”

Ta miƙo ɓaren lemu ta bayan kafaɗata, kamar kullum, don yarinyar nan ba ta ganin lemu ba ta kai hannu ba. Ba hannun da ya fito. Ƙawata ta tsaya da lemun a sama. Ta dube ni.

“Sauko mini da ita.”

“Barci take.”

“Na ce sauko mini da ita, ƙawa.”

Na kwance zane. Ta karɓe ta, ta kalli idanun, ta shafa kan. Madam ta fita titi ba takalmi ta tsayar da adaidaita. Ƙawata ta bar tiren lemunta a buɗe ta shiga tare da ni.

Majo ya gane ni. Wannan karon bai cire madubi ba. Yana neman jijiya a hannun yarinya yana cewa, “Ke da kika kawo mini shaƙuwa da gudu, yau da ya kamata ki rugo kika zo da rarrafe?” Aka sa mata serom, ƙarin ruwa. Kwana huɗu muka yi. Inna ta iso da tuwo a kwano, ta zauna gefen gado tana yi mata fifita, ba ta ce haƙori ba, ni ma ban ce ba. Har ta rasu ba mu taɓa tada zancen ba.

Ranar da yarinya ta fizgi ɗankwalina ta kama nono, ƙawata ta zo da kashi na ukku a cikin leda. Ta aje mini ta ce, “Wallahi ba da ke nake ba ranar nan.” Na ce na sani, amma ni ce na ji. Madam ta ce an ɗage mini doka, in ina so ta faɗa mini ƙarshen yanzu. Na ce ta bari.

Daga baya aka mayar da Madam Iferwan da aiki, ƙungiya ta watse, kashin ya tsaya wurina. Yana ƙasan akwatina har yau. Ɗiyata yanzu ta fi ni karatu nesa ba kusa ba. Kwanaki ta tono shi ta ce, “Mama, in karanta miki?” Na karɓe na mayar.

Ban ce ku daina sharhi ba. Ku faɗi ra'ayinku, baƙar maganar ƙawata ce ta kai ɗiyata likita. Ni dai ba ni da ƙarfin zagin matar da ta tsaya bakin ƙofa, na san nauyin ƙafa a wurin. Kuma ba na so in buɗe in tarar yaron ya mutu, don na auna na sake aunawa, ban ga abin da na fi ta ba. Ita dai ba ta sami wadda za ta miƙo wa ɗanta lemu ba.