Ranar da Na Rufe wa Barba Dinko Madubi

Shekara goma sha tara ke nan ina aiki iri ɗaya a filin tseren babura na bayan garinmu. Duk babur ɗin da zai shiga sai ya biyo ta gabana: in duba taya, in matsa birki, in leƙa ƙasa ko mai na ɗiga, sannan in yanki salatif in rufe fitila da madubi. Bayana ya gaji, gwiwoyina sun gaji, kunnena na hagu ma ya fara yi mini yajin aiki. 'Yan koyo kuwa na ga iri-iri har sun daina ba ni dariya, daga mai sabuwar rigar fata da ba ya iya sunkuyawa a cikinta zuwa wanda ya zo da budurwa don ta ɗauke shi hoto. Amma ban taɓa zaton wata Lahadi zan ɗago kai in ga Barba Dinko a layi ba, rungume da hular kwano kamar an ba shi ajiyar tukunya.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na kan dutse ya san Barba Dinko (Barba muke ce wa dattijo a wajenmu). Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa bas daga can sama zuwa birnin Rijeka, a siririyar hanyar nan mai kwana-kwana. Ni ma shi ya riƙa kai ni sakandare. Tuƙinsa ido ɗaya a hanya ne, ɗaya a madubi. Da zarar ya hango mota a bayansa sai ya nemi inda hanya ta ɗan buɗe ya raɓe, ya zuro hannu ta taga yana yafito ta ta wuce. Fasinja su yi ta mita, wani ya ce, "Barba, yau a hanya za mu kwana?" Shi kuma ya ce, "Ku bar shi, ƙila matarsa ce ke naƙuda." Har ya yi ritaya bai taɓa goge wa kowa fenti ba.

'Yarsa ɗaya ce, Tihana. Uwarta Nevenka tana aikin yamma a masana'antar kifin gwangwani, saboda haka in an tashi makaranta yarinyar bas take shiga, ta zauna a kujerar ƙarshe tana aikin gida har a gama zirga-zirgar yini. Ta madubi ya rene ta. Yana tuƙi za ka ji ya ce, "Tihana, sauke ƙafa daga kujera," ko "Tihana, cinye tuffar nan," bai ko waiwaya ba.

Da ta cika shekara goma sha tara sai ta sayi babur. Uban, wanda ya sha tsayar da bas yana taimakawa a ɗebe 'yan babur da suka yi hatsari daga gefen hanya, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce abin nan ba zai kwana a gidansa ba. Ta ce to. Babur ɗin bai kwana ba, ita ma ba ta ƙara kwana ba. Ba su sake yin faɗa ba, gaisuwa ce kawai a waya, Nevenka ke kai labari tana kawowa. Da Nevenka ta rasu shekara biyu da suka wuce, Tihana ta zo jana'iza ta tafi tun kafin a zuba abinci. Duk Lahadi kuwa tana filinmu, ita ce malamar 'yan koyo.

Shi ya sa da na ga tsohon da wani tsohon babur da ya saya wurin maƙwabci, ban tambaye shi abin da ya kawo shi ba. Na duba taya, na matsa birki, na jawo salatif. Sai ya ɗora hannu a kan madubin.

"Slavko, wannan kuma na mene ne?"

"Doka ce, Barba. A nan ba a duba baya. Mai zuwa a bayanka shi zai nemi hanyarsa, kai dai ka riƙe layinka."

"Mutum ya yi tuƙi ba madubi? Ai gara ku cire mini birki."

"Birkin ma ban ga alamar za ka buƙace shi ba."

Ya janye hannun, amma sai da ya kau da kai lokacin da nake liƙawa.

A rumfar da ake yi wa 'yan koyo bayani Tihana ta gan shi. Takardar hannunta ta kusa faɗuwa.

"Tata, me kake yi a nan?" in ji ta, don haka muke kiran uba a wajenmu.

"Koyo na zo. An ce malamar ta iya."

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙa masa rigar 'yan koyo mai ruwan ɗorawa, ta ci gaba da bayanin tutoci kamar ba ta san shi ba.

Shigar farko lafiya aka gama, don jere suka yi a bayanta ba mai wuce wani. A ta biyu aka sake su. Ana zagaye na uku Barba ya ji ƙarar inji a bayansa, ya yi abin da ya shekara talatin da huɗu yana yi: ya juya kai gaba ɗaya, ya raɓe dama, har da sakin hannu yana yafitowa. Na bayan, wani mutumin Austriya, ya riga ya zaɓi daman nan zai wuce. Ya kauce da ƙyar, ya bi ta cikin tsakuwa, shi da babur suka kwanta. Bai ji ciwo ba, don da ƙarfinsa ya miƙe yana zagi da yarensu. Aka ɗaga wa Barba baƙar tuta, alamar ya fito daga fili.

Ina daga wurin aikina ina jin muryar Tihana.

"Kashe mutum kake so ka yi? Nan ba hanyar ƙauye ba ce! Kirkin nan naka shi ne abin da ya fi komai haɗari a filin nan."

"Hanya kawai na ba shi."

"Ba wanda ya roƙe ka hanya. Saurare ni da kyau, Tata. In ka sake waiwayawa ko sau ɗaya, ni da kaina zan fitar da kai, kuma ba za ka ƙara shigowa ba muddin ina nan."

Da aka tafi cin abinci na same shi zaune a bayan motata, burek, gurasar nan tamu mai nama a ciki, ya huce a cinyarsa bai taɓa ba. Na zuba masa kofi daga filas.

"Ka san ba son babur nake yi ba, Slavko," in ji shi. "Tsoronsa nake ji. Wata uku na yi ina zagaya harabar coci da shi, limamin cocin na kallona ta taga."

"To ka koma gida mana, Barba. Ka gaji."

"In koma in yi me? Jiya na dafa miyar maneštra tukunya guda, har yau ban iya girkin mutum ɗaya ba." Ya kurɓi kofin. "A waya minti biyu muke yi. Yau ko da faɗa ne, ta yi mini magana ta minti goma."

Ya ba ni tausayi ƙwarai, amma ba ni da wata dabara. Na ce masa ya kafa ido a kan alamar da ke bakin kowace kwana, in ya wuce ta ya nemi ta gaba. Ya ce ba idon ne matsalar ba, wuyan ne ke juyawa da kansa.

A shigar ƙarshe ta la'asar na bar salatif ɗina na je jikin katanga, abin da na daɗe ban yi ba. 'Yan koyo suka fita, Barba ne na ƙarshe. Tihana ta jira sai da ya sha kwanar farko, sannan ta sauke gilashin hularta ta bi shi. Ta manne masa a baya tana murza totur da gangan. Na ga kafaɗarsa ta zabura, hular ta fara karkata, sai kuma ta koma gaba. Masu sauri suka riƙa wuce su ta hagu da dama. Shi kuwa yana kan layinsa, a sandare kamar an ɗora durowa a kan babur. Haka suka yi zagaye shida har aka kaɗa tutar tashi.

Da ya shigo ya kasa sauka, sai da na riƙe masa babur ɗin. Fuskarsa ta yi sharkaf da gumi.

"Wani ɗan banza ne ya liƙe mini tun farko, ya ƙi wucewa," ya ce yana haki. "Ban kalle shi ba, Slavko, ko sau ɗaya. Tihana ta gani kuwa? Duk na duba gaba ban gan ta ba."

Ta tsaya a gefensa ta cire hula.

"Ɗan banzan ni ce, Tata."

Ya kalle ta. Na sunkuya zan ɓare salatif ɗin, ta ture hannuna. Da kanta ta ɓare na madubin hagu da na dama, ta goge danƙon da bakin hannun rigarta, ta daidaita su.

"A hanya kana buƙatarsu," ta ce. Ta murza salatif ɗin a tafin hannunta. "Akwai abinci a gida?"

"Akwai maneštra."

"To wuce gaba, ina bayanka. Kuma kada ka raɓe mini."

Daga ƙofar filin ana hango hanyar har inda take shigewa cikin itatuwa. Na tsaya riƙe da ƙugu ina kallonsu suna hawa a hankali, shi a gaba, kansa na karkata wajen madubi kowane ɗan lokaci. Kafin su kai tsakiyar dutsen motoci sun fi goma a bayansu, wasu har sun fara oda. Suka iso wurin nan mai faɗi inda ya saba tsayar da bas, ya wuce shi bai raɓe wa kowa ba.