Wayoyi Biyu a Ƙarƙashin Yaɓe

Assalamu alaikum edita, da duk wanda idonsa ya sauka a kan wannan shafi. Ni dattijuwa ce daga wani ƙauye a arewacin Ɗanbatta, inda gona take manne da gona, sai jerin gamba ne yake nuna iyaka. Lokacin da abin nan ya faru, ni mutum ce mai yawan tafiya a zaune. Ina tankaɗe, hankalina yana wani gari, har sai miya ta kama a ce Inna ta sake lulawa. Sannan ina da kunya irin ta mutanen da. Ɗan farina tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa dubansa ido cikin ido na yi masa magana ba. Kakarsa ce ta raine shi. In ina da magana sai in faɗa wa iska yana wurin, shi kuma ya sunkuyar da kai ya tsinta. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma wallahi har tinƙaho nake da abin.

Mijina, Malam, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Hagu ta tafi, Allah ya bar masa dama. Da wannan hannun yake cin tuwo, da shi yake jan carbi, da shi yake shafa addu'a. Autarmu kuwa, wadda yake ji da ita kamar me, aure ya kai ta Fatakwal. A ƙauyenmu salula ba ta samun sabis sai an hau tudun gindin kuka, can bayan gonaki. Da yana da lafiya shi yake takawa ya ji muryarta. Da ya kwanta, sai ya zama kullum idonsa yana kan ƙofa, yana tambaya ko wani ya je tudu yau, ko ta ce wani abu.

Ɗan farin nawa gyaran salula yake yi a kasuwar Ɗanbatta. Tausayin mahaifinsa ya sa ya kafa dogon ƙarfe a tsakar gida, ya ɗora eriya a kai, ya jawo wata shuɗiyar waya daga can har ɗakin Malam, ya haɗa ta da wani ɗan akwati mai ƙara ƙarfin sabis a kan wata 'yar kanta, daidai saman gado. Gidanmu na ƙasa ne, kuma akwai wani ɗan kwari a jikin bango inda mai wuta ya kwantar da wayar lantarki shekarun baya. Da yaron ya ga hanya a buɗe, sai ya kwantar da tasa a gefenta, ƙusa ɗaya ta riƙe su. Ba a jima ba lokacin yaɓe ya zo, irin wanda muke yi kafin damina. Dangi suka taru, aka kwaɓa ƙasa, aka shafe bango sumul, wayoyin biyu suka shige ciki. Har yaba kyan aikin na yi, ni 'yasu.

Kai, watannin da suka biyo baya sun yi daɗi! Da la'asar sai fuskar auta ta fito a salular Malam, tana dariya, tana ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga mata nasa. Ni kuwa ina kan tabarma, ina kallon 'yar koriyar fitilar akwatin tana ƙyaftawa, sai in lula. Ina ganin muryar yarinyar nan ta taso daga bakin teku, ta ƙetare garuruwan da ban sani ba, ta biyo saman gero yana kaɗawa, ta sauka a kan ƙarfenmu, ta gangaro ta cikin bango har kunnen ubanta. Wani lokaci har ƙamshin lallenta nake ji. In magana ta yanke, Malam yakan miƙa hannu ya danna bakin wayar a jikin akwatin, yadda ɗansa ya nuna masa, sai ta dawo.

Da damina ta nutsa, wata rana ina shara na dafa bangon, sai na ji kamar tururuwa tana tafiya a cikin yatsuna. Na cire, na sake dafawa, haka. Ga zanen gara ya hau bangon, ga wani ɗan ƙauri kamar na roba in an kawo wuta. Jikina ya ba ni ba lafiya ba. Da yaron ya zo gaisuwa ranar Juma'a, sai na kalli randa na ce bangon zamanin nan har cizo yake yi in an yi ruwa. Ya amsa da to, kansa a ƙasa, ya ce sanyi ne, in rani ya yi za a ƙara yaɓe. Bai gane ba, kuma na san bai gane ba. Abin da ya rage in juyo in ce masa aikinsa ne nake tsoro, amma harshena ya yi nauyi. Yaya zan fara yi masa magana kai tsaye, kuma maganar farko ta zama kushe? Ko matarsa ban aika ba. Gaskiya kuma akwai son zuciya, ina tsoron a fasa bango, a sauke ƙarfe, fuskar auta ta daina zuwa.

Ranar da abin ya faru an wuni ana ruwa, ya ɗauke bayan azahar, aka kawo wuta. Yaron yana zaure da maƙwabta, ba su koma gona ba. Auta tana cikin ba da labari sai fuskarta ta tsaya cak. Malam ya miƙa hannu yadda ya saba. Na ji wata ƙara, na ga jikinsa ya sanƙare, hannun ya manne da akwatin, ga ƙauri ya cika ɗaki. Na yi salati, na yi kururuwa a zo a zo, ba wanda ya ji, surutun zaure ya danne. Ban san lokacin da sunan ya fito daga bakina ba. Na kira shi da iyakar ƙarfina, sunansa na yanka. Ya shigo a guje ya kashe wutar gidan gaba ɗaya. Daga baya ya faɗa wa matarsa cewa sai da ya ɗan tsaya kafin ya taso, don bai taɓa jin sunansa a wannan muryar ba.

Allah ya bar mana Malam, amma yatsun sun ƙone, sun lanƙwashe, ba su sake miƙewa ba. Da aka fasa bango, sai ga gara da danshi sun cinye robar wayoyin, ƙarfe ya kwanta a kan ƙarfe, wuta ta bi shuɗiyar wayar har cikin akwati. Mai wuta ya ce shi ba a kira shi ba. Masu yaɓe suka ce su ƙasa aka ce su shafa. Yaron ya durƙusa yana kuka, ya ce duk laifinsa ne. A nan na dube shi sosai, na ce masa ni na ji bangon da hannuna. An sake aikin, kowace waya a cikin bututunta, nesa da juna, a fili inda ido yake gani.

Shi ya sa nake roƙon duk mai shirin jawo sabis cikin gida, don Allah kada a haɗa wayarsa da ta wuta a hanya ɗaya, kada a binne su cikin ƙasa, a kira mai wuta ya duba kafin a rufe. Kada kowa ya bar wa wani. Kuma in kin ji bango yana ja, 'yar'uwa, ke ce da alhakin magana, ko wane ne ya yi aikin. Kunya abu ce mai kyau, har gobe ina son ta, amma tawa ta ci hannun mijina.

Yanzu ni nake ba shi tuwo a baki, ni nake ja masa carbi yana motsa leɓe. Har yanzu auta tana fitowa da la'asar, tana dariya, tana ɗaga masa hannu. Sai in matso, in kama wuyan hannunsa a hankali, in ɗaga mata.